Wanda Aka Yi Wa Salla Sau Biyu

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, Yayana kuwa ya riga ni tafiya. Ya rasu da hantsin wata Talata, ƙarshen damina, gero ya fara nuna. Ni manomi ne, hannuna ya fi sabawa da ƙotar hauya, ban taɓa tsammanin zan zauna in rubuta labarin kowa ba. Abin da kunnena ya jiyo a zaman makoki shi ya tunzura ni.

Mutane sun zo, ba laifi. Waɗanda ya koyar a lakwal, wato makarantar Nasara, sun taso daga Zango da Birni na Damagaram, wasu daga can gabas, duk sun manyanta, wasu har da furfura. Na ga Babarbare da Buzu da Bafillace da Batube a kan tabarma ɗaya suna share hawaye, suna yi wa juna gaisuwa da Faransanci, harshen da ba na uwar kowa ba a cikinsu. Mutanen ƙauyenmu kuwa gefe guda suka ja, suna magana ƙasa-ƙasa. Wani tsoho mai nauyin kunne, da aka ce a tashi a yi sahu, sai ya ɗaga murya ya ce, "Wace salla kuma? Ai ni na yi wa wannan salla tun ina saurayi." Ba wanda ya kwaɓe shi, don ba ƙarya ya yi ba.

Mata suna shiga wurin mahaifiyarmu, Inna, wadda ta tsufa tukuf har idonta ya rufe. Sai su durƙusa su ce, "Inna, ya haƙuri," su haɗiye sauran maganar. Ba wadda ta iya cewa "haƙurin ɗanki". A ƙofar gida kuma wani saurayi, jikan maƙwabci, ya matso kusa da ni ya ce, "Baffa, wai da gaske ne marigayin ba shi da inuwa?" Wallahi saura kaɗan in cire takalmi. Nan na ce a raina, in na yi shiru, abin da zai rage na Yaya ke nan a bakin yaran nan. To, da haruffan da ya koya mini zan faɗi yadda aka yi.

Nasara ba su daɗe da zama Damagaram ba suka buɗe lakwal, suka aika wa kowane mai gari ya ba da yaro. Ba wanda ya san mene ne lakwal. Wasu suka ce ƙetare ruwa ake yi da yaran, wasu suka ce naman alade ake ɗura musu har su manta salla. Mai garinmu, a nan ƙasar Tirmini, ya dubi gidaje, ya zaɓi wanda ba shi da kowa a fada, wato gidanmu. Yaya a lokacin yana famfara, ni kuwa ina cikin Inna.

Mahaifinmu da liman suka ƙulla dabara. Aka kai Yaya garin gona aka ɓoye shi a rumbu. Aka ɗaure damin kara daidai tsayinsa, aka naɗe da likkafani, aka ce agana ce ta ɗauke shi, don kada wani ya nemi buɗe fuska. Gari ya fito da zuciya ɗaya, aka yi salla, aka rufe, aka ɗora ƙaya. Mata suka yi kuka na gaske, aka yi sadakar uku aka ci.

Kumandan, Nasaran da ke mulkin ƙasar, bai yarda ba, don a shekarar nan yaran ƙasar sun cika mutuwa da zarar an ambaci lakwal. Aka kira Inna bariki da tsohon cikinta. Tafinta, mai juya magana tsakaninta da Nasara, ya sa aka kawo Alƙur'ani, ya ce ta ɗora hannu ɗaya a kai, ɗaya a kan cikinta, ta ce, "Ɗana ya mutu, in kuwa ƙarya nake, Littafin nan ya ci abin da ke cikina." Ta dubi hagu ta dubi dama, ba mai ceto. Ta faɗa.

Rantsuwar ba ta yi mako ba asiri ya tonu. Maƙwabcinmu, wanda za a ɗauki ɗansa a madadin namu, shi ya nuna rumbun. Gardin bariki, wato dogarin Nasara, ya ɗora Yaya a kan raƙumi, ya ratso da shi tsakiyar gari da rana tsaka. Ƙurar rumbu ta mai da shi fari fat tun daga kai har ƙafa. Matan da ke bakin rijiya suka ɗaga kai suka ga yaron da suka ci sadakarsa yana kallonsu daga sama, suka zubar da tuluna, kowa ta kama gabanta. Inna tana ƙofar gida. Da raƙumin ya iso daidai inda take, sai ta juya fuskarta ga bango har ya wuce.

Ga yadda ta ɗauki abin, kuma a kan haka ta rayu. Muddin bakinta bai ƙaryata kansa ba, muddin ba ta kira shi ɗa ba, ba ta dube shi da idon uwa ba, to a wurinta ya mutu, rantsuwarta tana tsaye, abin da ke cikinta zai rayu. Ranar da ta amsa cewa yana raye, ranar Littafi zai ci ni. Mahaifinmu an kai shi ɗaukar duwatsun ginin Nasara, ya dawo da tari. Ya dai kai ranar sunana, ya raɗa mini sunan Yaya don a ƙara danne maganar, bai ga yayena ba. Na tashi da sunan wani, ana kai ni ziyarar kabarin mai sunan.

Ina saurayi Yaya ya dawo. Dogo ne siriri, da farin wando da takalmin zane wanda ba ya ƙara, sai dai ka juya ka gan shi tsaye. An mai da shi malamin lakwal, ya yi ƴan shekaru yana koyarwa a Zango, sannan shi da kansa ya roƙa a turo shi ƙauyenmu. Ranar da ya yi sallama a gidanmu Inna tana daka. Ya durƙusa nesa kaɗan ya ce, "Inna, ina wuni." Taɓarya ta tsaya a sama. Ta sauke ta a hankali, idonta a cikin turmi, ta ce da ni, "Kai wa baƙo ruwa, ka tambaye shi daga ina ya fito."

Daga ranar sunansa Baƙo a bakinta. Kada wani ya ce kunyar ɗan fari ce, ba shi ne na fari ba, akwai mace a gabansa. Ba ta miƙa masa abu hannu da hannu, ba ta amsa gaisuwarsa sai ta bakina. In ta ƙwala kiran sunanmu muna zaune tare, ni nake amsawa, shi kuwa sai ya sunkuyar da kai ya shiga gyaran igiyar takalminsa. Amma kowace Juma'a sai ta dama fura mai kauri, ta zuba nono har ya yi yawa, ta ce, "Kai wannan zaure, sadaka ce don yaron nan nawa da ya rasu, duk wanda Allah ya ba ya sha." Wanda Allah yake ba kuwa kullum yana zaune a zauren. Haka Yaya ya yi ta shan sadakar kansa, yana gamawa ya shafa fatiha ya ce, "Allah ya kai ladan."

In ya sha furar sai ya miƙe ya ce, "Bari in je in gaida yaron nan." Ya nufi maƙabarta, ya gyara ƙayar da ke kan kabarin, ya cire ciyawa, ya zauna jim. Na taɓa binsa sau ɗaya, ban ƙara ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, kara cikin damina guda gara take cinye shi, ya kamata a ce tudun ya lotsa tun tuni. Kaburburan da aka yi bayansa duk sun lotsa, wasu sun ɓace. Wannan kuwa yana nan a tashe kamar jiya aka rufe. Na ce, "Yaya, kai kake ƙara masa ƙasa?" Ya dube ni ya ce, "Ni ban taɓa ba." Ban sake tambaya ba.

Mutanen gari ba su taɓa sakin jiki da shi ba. Sun san kara aka binne, liman ya faɗa a masallaci ya nemi gafara, amma wanda ya tsaya a sahu ya yi maka kabbara huɗu, ko me aka gaya masa daga baya, wani abu yana nan maƙale. In ya shigo majalisa sai hira ta mutu. Ba mai sa hannu a akushi ɗaya da shi in ba ni ba. In sun haɗu da mace mai goyo a hanya sai ta ja zane ta rufe kan jaririn. Shi kuwa ko a jikinsa, har ba'a yake yi. In an tambaye shi lafiya sai ya ce, "Lafiya lau, mu ai mun wuce ciwo."

Lakwal ɗinsa rumfar kara ce a bayan gari. Da fari ba mai kawo yaro sai wanda aka tilasta wa. Ya tara ƴaƴan Hausawa da na Barebari da na Fulanin da ke mashekari kusa da mu, har da wasu ƴaƴan Buzaye da ayari ya bari. Ranar farko ba mai jin maganar wani, sai harara. Kafin kaka ta zagayo suna faɗa da juna da Faransanci, suna shiryawa da shi. Yakan ce, "Nasara baƙo ne, wata rana zai naɗe tabarmarsa. In ya tafi mu za mu rage da juna, kowa da harshensa, gara mu sami inda za mu haɗu." Dattawa suka ce lallai mutumin nan ba shi kaɗai ba ne, wa ya taɓa jin Nasara zai tafi?

Bayan la'asar kuma manya yake koya wa, a gindin gawo, da yatsa a kan rairayi. A can ne ya kama ni, ƙato da ni, ina zana baƙaƙe yara suna dariya. A cikin rumfa doka ta hana Hausa, amma a gindin gawo ba ruwan kumandan. In ka iya haruffan sai ya ce, "To, yanzu rubuta sunan uwarka, rubuta gero, rubuta rijiya." Ya ce haruffan nan ba su san Nasara ba, duk harshen da ka ɗora musu za su ɗauka. Maganar da ya fi maimaitawa, wadda duk almajiransa suka haddace, ita ce, "Kada ka bari wani ya riƙe maka bakinka."

Sai da na matsa masa ya gaya mini inda maganar ta samo asali. Yana Zango ya haɗu da wani tsohon gardi wanda yake tsaye a bariki ranar da Inna ta rantse, kuma yana ɗan jin Faransanci. Gardin ya ce kumandan tambaya ɗaya ya yi, yaron ya mutu ko bai mutu ba, yana yi ma yana korar ƙuda. Alƙur'ani da ɗora hannu a ciki duk ƙarin tafinta ne, don ya nuna wa maigidansa ya iya aiki. Yaya ya ce, "Da a ce akwai mutum ɗaya daga garinmu a wurin da ke jin abin da Nasaran ya faɗa, da yanzu ina da uwa." Ya ci gaba da share rairayi da tafin hannunsa. Ni ne na tashi na shiga gona na yi kukana.

Akwai abin da ya yi wanda har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, ko da yake na san alheri ne. Maƙwabcin nan da ya nuna rumbu, da ya tsufa, aka kira shi bariki kan iyakar gona, wani mai ƙarfi yana son haɗiye ta. Ba wanda ya ce zai raka shi. Da sassafe na ga Yaya ya ɗora shi a jaki, shi yana ƙasa yana ja, har Damagaram. Ya tsaya gaban kumandan ya faɗi maganar tsohon yadda ya faɗe ta, ba ragi ba ƙari, gonar ta tsira. Da suka dawo na ce, "Haba Yaya! Wannan? Mutumin da ya sayar da kai?" Ya ce, "Shi ma ta haka ya ɓoye ɗansa, kamar yadda Inna ta yi. Rumbunsa dai ya fi namu kyau."

Faɗa ɗaya muka taɓa yi, kuma a kan Inna ne. Lokacin na yi gemu, ina da ƴaƴa, abin ya ishe ni. Na je Birni na ɗauko wani babban malami, ya zauna ya yi mata bayani, ya ce rantsuwar da aka tilasta wa mutum ba ta kama shi, tuba ya wadatar, Allah ba azzalumi ba ne. Tana ji tana wasa da bakin zanenta. Yaya yana durƙushe a bakin ƙofa. Na ce, "Inna, ki dube shi mana! Ga ni nan ƙato da gemu, wane ciki kuma ya rage da za a ci?" Ta ɗaga kai a hankali. Na ga idonta ya sauka a kan takalminsa, ya hau har gwiwa, ya kai ƙirji. A nan ta tsaya, ta mai da kai ƙasa, ta ce rana ta yi, a kawo wa malam ruwa.

Kafin la'asar zazzaɓi ya kayar da ni. Kwanaki ban san inda nake ba, an ce har an juya ni gabas. Damina ce, kowa yana zazzaɓi, sauro ya yi yawa a shekarar, ni abin da na ce ke nan kuma har gobe shi nake cewa. Amma je ka gaya wa Inna. Da na farfaɗo na fito zaure ina dafa bango, Yaya ya kama wuyan rigata, mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ko a kan yaro ba. Ya ce, "Kada ka sake. Ka ji ni? Ni na iya zaman mamaci, na saba. Kai ba ka iya ba." Na ce ba adalci a ciki. Ya ce wa ya ce maka akwai? Mun yi wata ba ma magana. Har yau ina ganin ni ke da gaskiya, sai dai gaskiyar ba ta amfani kowa ba.

Da ciwo ya kama shi, wasiyya ɗaya ya bari, a sa shi a kabarin nan. Ya ce, "Ya daɗe yana jira, kada a yi asarar wuri." Masu haƙa suka ƙi, sai da almajiransa suka tuɓe riguna suka karɓi magirbi. Ba a tarar da komai ba, ba kara ba ƙyalle, sai jar ƙasa mai sanyi. Ramin na yaro ne, dole aka ƙara masa tsawo ta wajen ƙafa. Limamin yanzu, ɗan wancan, ya tsaya yana jan gemu, wai ba a maimaita sallar gawa. Na ce, "Malam, ubanka kara ya sallata. In ba za ka iya ba matsa, a cikin yaran nan akwai mai yi." Ya shiga gaba. Wasu tsofaffin dai suka tsaya daga baya, hannu a naɗe, suka ce tasu ta farko tana nan.

Allah ya jiƙan Yayana, ya sa ƙasar nan ta yi masa sauƙi fiye da yadda bayanta ya yi masa. Ya yafe wa Inna, ya yafe wa mahaifinmu da liman. Tafintan kuwa na bar shi da Mahaliccinsa, bakina ba zai iya ba.

Kafin a fitar da shi, bayan an yi wanka an sa likkafani, sai wata jikata ta zo ta ce Inna tana kira. Na shiga na same ta ta riga ta miƙe, abin da ta daɗe ba ta yi ba sai an ɗaga ta. Ta ce, "An tabbata?" Na ce an tabbata, Inna. Ta ce, "Kai ka gani da idonka, ba ya numfashi?" Na ce ni na rufe masa ido. Ta ce, "To, kai ni."

Na riƙe ta har ɗakin, mata suka dare. Ta zauna a ƙasa kusa da kansa. Hannunta na hagu ta damƙe wuyan hannuna da shi, yatsanta a kan jijiya, tana jin bugunta, ba ta sake ni ba har muka fito. Da na dama ta lalubi likkafanin ta kwance wajen fuska. Ta shafa goshinsa, ta shafa gemun da ba ta taɓa gani ba, furfura ce duk. Ta daɗe a haka. Sannan ta sunkuya daidai kunnensa, da irin muryar da ake yi wa ƙaramin yaro magana, ta ce, "Ɗana. Ka ji tsoro a cikin rumbun, ko? Ni ce na rufe ka. Na ce maka kada ka motsa sai na dawo. To, ga ni na dawo."